Lokacin Wankin Rune Hedlund

Rune Hedlund na hawa na biyu a gidanmu mutum ne da bai taɓa roƙon kowa ko gishiri ba. In ƙwai ya ƙare masa yana tsakiyar girki, gara ya kashe murhu, ya sa takalmi da rigar sanyi ya tafi kanti cikin ƙanƙara, da a ce ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Ba girman kai ba ne. Haka ubansa yake, haka kakansa, kuma a nan Umeå ba wanda zai ce wani abu na damunsa.

Aikinsa tallan ƙarfen nan ne da ake ɗaura wa manyan motoci a gaba su share ƙanƙara daga titi. Matarsa Malin ta bar shi bara, ta koma ƙetaren kogi wurin wani Pontus mai gidan kansa, da gareji, da injin wanki a cikin banɗaki. 'Yarsu Tuva, mai shekara tara, mako guda tana can, mako guda tana nan.

To bana sai aka zaɓi Tuva ta zama Lusiya a makarantarsu. Ita ce za ta shiga gaba ranar sha uku ga Disamba da sassafe, cikin doguwar farar riga da jan ɗamara, kyandirori a kanta, sauran yara na biye suna waƙa, iyaye na share ido suna cewa mura ce. Ranar kuma ta faɗo Juma'a, a makon Rune.

Malin ta kira shi ta ce, "Bar min ita wannan makon mu yi musaya. Akwai riga, akwai guga, akwai gyaran kai."

"Makona ne."

"Na san makonka ne. Faɗa kawai nake."

"Zan iya."

"To," in ji Malin. Kun dai san irin wannan "to" ɗin.

Rigar ba ta kanti ba ce. Uwar Malin ce ta ɗinka da hannunta, Malin ta sa ta tana yarinya, ta miƙo ta cikin takarda kamar mai ba da ajiyar jariri. Ranar Talata da yamma Tuva ta ce sai ta gwada, ta gwada ɗin, ta ƙi cirewa, ta zauna shan cakulan mai zafi a cikinta. Sauran ba sai na faɗa ba. Rune ya ruga da rigar banɗaki ya yi ta cuɗawa, tabon da yake kamar tafin hannu ya koma kamar faranti. Yarinya ta yi kuka har ta gaji. Washegari ya zaga kantuna, farar rigar da ta rage a garin sai ta 'yan yaye. Ba abin da ya saura sai inji.

Ɗakin wankinmu yana ƙasa, kusa da inda ake ajiye kekuna. Injin wanki biyu, na busarwa ɗaya, da kabad mai hura iska mai ɗumi. A bakin ƙofa akwai allon ƙarfe mai ramuka, kowane rami da ranarsa da lokacinsa, kowane gida kuma da ɗan kwaɗonsa mai lamba. Inda ka kulle kwaɗonka, nan ne naka. Mutum na iya ƙin zuwa bikin ƙanwarsa ya ce yana da lokacin wanki, a gyaɗa kai a ce ai dole. Amma in rabin awa ta wuce ba ka kunna inji ba, lokacin ya faɗi, ya zama na wanda ya riga kowa.

Wadda ke riga kowa kuwa Gunvor ce.

Gunvor bango ɗaya ya raba ta da Rune. Ta yi girki a makarantar firamare har ƙafafunta suka ce sun gaji, mijinta ya rasu tun tuni, kuma kullum akwai jakar wanki a shirye bayan ƙofarta. Shekarar da Rune ya tare, ya busar da barguna ya manta bai share rariyar injin ba. Da safe sai ya tarar da audugar da barguna suka zubar, toka-toka da ita, an ƙulle tsaf a leda an rataye masa a hannun ƙofa. Ba suna, ba magana. Tun ranar, in zai fita sai ya leƙa ta 'yar hudar ƙofa. In Gunvor na waje, ya tsaya da takalmi a ƙafa har ya ji ta sauka. Ita ma haka take masa. An yi wata safiya da dukansu suka makara, kowa na bayan ƙofarsa yana jiran ɗaya ya fara fita.

Da Rune ya sauka ya duba allo, rami ɗaya ne babu kwaɗo kafin Juma'a: Alhamis, biyar zuwa takwas na yamma, na ƙarshe a ranar. Ya kulle nasa a ciki. Alhamis ɗin yana da taro a Stockholm, amma wannan bai dame shi ba. Awa guda ce a jirgin sama. Zai tafi da jirgin safe, ya dawo da na rana, har ya samu sararin shan kofi kafin biyar. Ya sha yin haka. Ya sa rigar a shuɗiyar jaka ya ajiye a bakin ƙofa, ya tafi ko buroshin haƙori bai ɗauka ba.

Tare suka tafi da abokin aikinsa Sixten, wani dattijo mai tumbi da ya kusa ritaya, wanda ba abin da ke tayar masa da hankali sai yunwa. Mutanen Stockholm suka karɓe su da kofi da burodi mai kirfa, suka duba hotunan ƙarfen, kowa ya faɗi yadda yake ji a ransa, har da wata da ta shigo neman caja. Daga nan suka amince baki ɗaya a sake zama bayan sabuwar shekara.

"An ci gaba," in ji Sixten da suka fito. "Bara ko ranar zaman ba su tsayar ba."

A lokacin ƙanƙara ta fara sauka. Irin wadda a Umeå ko hula ba ma sawa saboda ita. Amma kafin su kai filin jirgi motoci sun jeru suna tafiyar tsofaffi, allon sanarwa kuwa ya yi ja daga sama har ƙasa. Jirginsu aka ce zai ɗan jinkirta. Suka zauna. Aka ƙara ɗan jinkirin. Sixten ya sayi tsiran alade a burodi, ya tsaya jikin taga yana kallon motocin da ke share titin jirgi.

"Zo ka gani, ɗan saurayi. Ƙarfen nan ba namu ba ne. Shafa ta yake kamar man shanu."

Rune bai zo ba. Idonsa na kan allo, hannunsa na aljihu yana juya makullai. Makullin ɗakin wanki na cikinsu, ga shi nan yana jin haƙoransa a yatsa, a Stockholm. Ko da ya bar shi a gida ma, ba a barin yara su shiga ɗakin su kaɗai.

Can wajen uku lasifika ta yi tari, wata murya mai sanyi ta ce suna baƙin ciki, an soke jirgin Umeå. Mutane suka yi fushi irin namu, wato kowa ya ja numfashi ta hanci ya sake shi a hankali, sannan suka je suka ja lamba suka jeru. Da layi ya zo kan Rune, matar da ke bayan tebur ta ce an mayar da su jirgin ƙarfe bakwai.

"Zai tashi?"

"Muna fata."

"Ina da lokacin wanki ƙarfe biyar."

Matar ta ɗago ta dube shi da tausayi na gaske. Wani mai furfura a bayansa ya girgiza kai. Amma tausayi ba ya tayar da jirgi. Ta ba shi 'yar takardar cin abinci, wadda ta isa burodi da cuku in ba za ka sha komai ba. Ya tambayi jirgin ƙasa, aka ce sai tsakar dare ya kai, in wayoyin lantarkinsa ba su daskare ba. Ya tambayi motar haya, mai wurin ya nuna masa ƙusoshin da makullai ke ratayewa, duk wayam.

Biyar ta gota ya kira Tuva.

"Baba, kana ina?"

"Ina hanya, 'yata. Kin ci wani abu?"

"Na ci burodi. Baba, Gunvor ta sauka da jakarta. Na gan ta ta huda. Har da kujerarta."

"Wace kujera?"

"Mai naɗewa. Wadda take jira a kai."

Rune ya rufe ido.

"Rigar fa?" in ji Tuva.

"Za a wanke."

"Wa zai wanke?"

"Ni."

"Kai ba ka nan." Sannan ta ce, "Ba komai, Baba. Lusiya ai haɗa hannu take yi a ƙirji. In na buɗe yatsuna sosai zai rufe rabi."

Da kuka ta yi masa da ya fi sauƙi. Ya ce mata ta kulle ƙofa, ta kunna talabijin, yana nan tafe. Ya ajiye wayar a cinya ya zura wa ƙasa ido. Sixten ya gama cin burodinsa, ya gama cin na Rune, ya kakkaɓe tumbi.

"Kira matar mana."

"Wace mata?"

"Au, ka ga na manta biyu gare ka. Da wadda ta bar ka da wadda ba ta gaishe ka. Zaɓi ɗaya."

"Ba zan kira Malin ba."

"To mai auduga."

"Shekara huɗu ban ce mata sannu ba, sai yau in ce ta yi min wanki?"

"Ai ba da hannu za ta yi ba. Maɓalli za ta danna."

Rune ya yi ta juya maganar. A ƙarshe ya nemo lambar Gunvor a waya, don a ƙasar nan ba lambar da ke ɓoye, ya koma wani lungu kusa da banɗaki inda ba mai jin sa, ya kira. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Gunvor."

Muryarta na amsa kuwwa. Tana ƙasa ke nan, kan kujerarta, gaban allo.

"Rune ne. Hedlund. Na kusa da ke."

"Na san inda kake zaune."

"Ina Stockholm."

"Na ji a rediyo. Wai ƙanƙara ta sauko musu a watan Disamba, duk sun rikice."

"E. To, maganar lokacin wankina ne."

"Saura kaɗan ya daina zama naka."

Nan fa wurin yake. Magana ce ta numfashi ɗaya: akwai jaka a bakin ƙofata, yarinya na ciki, ki taimaka. Ta taso masa daga ciki, ta hau har maƙogwaro, ta tarar da ubansa da kakansa zaune a wurin, ta koma. Abin da ya fito shi ne:

"Na kira ne in ce ba zan samu zuwa ba. Kina iya shiga yanzu, ba sai kin jira ba."

"Zan jira. Rabin awa aka ce."

"Ai ni mai lokacin na yarda."

"Ba kai ka kafa dokar ba." Sannan ta ce, "Akwai wani abu?"

"A'a."

"Ka tabbata?"

"Babu komai. Na gode."

"Me na yi maka?" in ji Gunvor, ta kashe.

Da ya juyo, Sixten na tsaye bayansa yana goge hannu, ya fito daga banɗaki ya ji komai.

"Madalla. Ka kira maƙiyiyarka daga wata duniya don ka ba ta kyautar lokacinka. Da mahaifinka na raye da ya yi alfahari da kai."

"Rufe min baki, Sixten."

"Na rufe. Kana da sauran takardar abincin?"

Rune ya koma kujerarsa. Waje ya yi duhu tun ɗazu, fitilun motocin shara na kai da komo. Ya shiga hango abin da zai faru in ya kira Malin. Ba za ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Cewa za ta yi, "Ba komai, ai abu ne da ke faruwa." Sannan Pontus ya taso da motarsa mai lantarki da ba ta ko tari, ya ɗauki yarinya da jaka, ya dafa kafaɗar Rune gobe a makaranta ya ce kada ya damu. Kirkin Pontus ya fi komai ciwo. Kuma baɗi, in wani abu ya faɗo a makonsa, ba za a ma tambaye shi ba.

Amma duk inda ya juya sai ya ga yarinyar a gaban makaranta duka, ta buɗe yatsu a ƙirji. Ya ɗauki waya ya kira Malin.

Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake, haka. Sai ya tuna yau ne walimar ƙarshen shekara ta ofishinsu, tana can gaban kifi kala bakwai, wayar na cikin jaka. Mutum ya haɗiye girmansa da ƙyar, a rasa mai karɓa. Yana cikin neman abin da zai rubuta mata aka ce masu tafiya Umeå su taso.

Sun daɗe a cikin jirgin ma kafin ya motsa, ana fesa wa fukafukai ruwan zafi. Sixten ya yi barci tun kafin a rufe ƙofa. Rune kuwa ya zauna yana dabaru. Ko in ya isa ya sake cuɗa rigar a baho, ya busar da na'urar busar da gashi har asuba. Ko ya juya ta, gaba ya koma baya, gashin Tuva ya rufe. Ko ya shafa mata garin fulawa. Da tunaninsa ya kai kan fulawa sai ya san ya ƙare, ya jingina kai da taga.

A Umeå ƙanƙara ta kai gwiwa a gefe, titin jirgi kuwa kamar an lashe.

"Wannan kam ƙarfenmu ne," in ji Sixten, ido ɗaya a buɗe.

Rune ya kunna waya. Malin ta rubuto: "Ka kira sau biyu. Tuva ce? Ko rigar ce?" Ya rubuta "Rigar," ya tsaya yana kallon kalmar, ya goge. Ya ce bari ya kai gida, ya kira ta da abin a gabansa, ya faɗa da baki kamar babba. A tasi ya kira Tuva, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, shiru.

Da gudu ya hau bene, abin da bai taɓa yi ba saboda kar ya dami mutane. Fitila na kunne a gidan. Takalman Tuva na nan a jere, wayarta na kan tebur, talabijin na magana shi kaɗai. Shuɗiyar jakar ba ta bakin ƙofa. Yarinyar ma ba ta ɗaki, ba ta banɗaki. Ya kashe talabijin ya tsaya tsakiyar falo da rigar sanyi a jiki.

Sai ya ji waƙa.

Waƙar Lusiya ce, muryar Tuva ce, daga cikin bango take fitowa. Yana jin kowace kalma, har inda take jan numfashi kafin ta hau sama, har inda kullum take kuskure. Shekara huɗu yana zaune jikin bangon nan, bai taɓa jin komai daga can ba, ya ɗauka kauri gare shi. Ashe Gunvor ce ba ta da surutu. Wato mako uku na koyon waƙa ta ji. Kukan ranar Talata ta ji. "Zan iya" ɗin da ya faɗa wa Malin ma ta ji.

Ya fita da safa, ya tsaya gaban ƙofar da bai taɓa taɓawa ba, ya ƙwanƙwasa.

Gunvor ta buɗe da fil uku a baki. Bayanta, tsakiyar kicin, Tuva na tsaye kan 'yar kujera cikin rigar. Fara fat, daga wuya har ƙasa, tana ƙamshin guga. Rune ya nemi tabon da ido, ya sake nema. Ya dafa ƙofa.

"Baba, kar ka taɓa ni, hannunka na waje ne."

Gunvor ta cire fil ɗin ɗaya bayan ɗaya ta soke a ƙirjin rigarta.

"Kin wanke," in ji Rune.

"Kayana na wanke. Lokaci ya faɗi, na ɗauka. Zanen gado biyu ne da tawul, ba su cika inji ba. Ba a kunna inji rabin ciki, wutar ta kowa ce. Shi ne na hau na tambayi yarinya ko akwai fari a gidanku."

"Ta ce ita ba ta taɓa kayan mutane," in ji Tuva. "Ni na sa rigar a jakarta da hannuna. Kuma ta ba ni ƙwallon nama da dankali."

"Saura ne, da zubarwa zan yi." Gunvor ta dube shi daga sama har safa. "Wa ya cuɗa tabon nan da ruwan zafi?"

"Ni ne."

"Na ji ka. Har da abin da ka ce wa famfo."

Ta koma ta durƙusa da ƙyar, ta ci gaba da kalmashe ƙasan rigar, tana cewa ta yi tsawo, ba za a bar 'yar mutane ta taka riga ta faɗi da wuta a ka ba. Rune ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba tunda ba a ce ya shiga ba.

"Gunvor, ban san yadda zan..."

"Kar ka fara. Ka bar lokaci, na cika inji. Ba wanda ya yi wa wani komai."

"To."

"Na tambaye ka ko akwai wani abu."

"Kin tambaya."

"Sau biyu."

"E."

Ta ja zare ta cije shi da haƙori. Ba ta ɗago ba ta ce, "Gara da ba ka faɗa ba. Da ka roƙa, da ban san inda zan sa fuskata ba." Ta juya yarinyar ta dubi baya. "Rariyar na jiranka a ƙasa."

"Wace rariya?"

"Ta injin busarwa. Na busar da zannuwana, ban share ba. Kwaɗonka ne a allo, ba nawa ba. Gobe da safe na Bertil ne na hawa na uku, ka kuwa san Bertil. Shi ba ya sawa a leda."

Rune ya koma ya sa takalmi, ya sauka. Ɗakin wanki na nan da sauran ɗumi, an goge injina, an share ƙasa, komai tsaf. Ya zaro rariyar. Audugar ta yi kauri kamar bargo, ya naɗe ta da yatsa ta taso gaba ɗaya, laushi, da ɗumi-ɗuminta. Bai taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Kujerar Gunvor mai naɗewa na jingine a bango, ya buɗe ya zauna, dunƙulen auduga a hannu, ya yi ta sauke numfashi kamar wanda ya taso daga Stockholm a ƙafa.

Waya ta yi ƙara. Malin ce, ana jin hayaniyar cokula a bayanta.

"Me ya faru? Ka tsorata ni."

"Ba komai. Jirgi ne ya makara. Na iso."

"Tuva fa?"

"Ta ci abinci. Tana waƙa."

"Rigar?"

"Tana jikinta."

"An goge?"

"An goge. An ma ɗage ƙasan, ta yi mata tsawo."

Malin ta ce, "Wa ya ɗage?"

"A nan gidan aka yi."

"To," in ji Malin. Wannan "to" ɗin daban yake da na farko.

Ya kashe wayar, ya dubi audugar, ya dubi ledojin da ke rataye jikin ƙusa. Sai da ya ɗan yi tunani, ba zan ɓoye muku ba. Sannan ya jefa ta a kwandon shara, ya cire kwaɗonsa daga allo, ya hau da kujerar ya jingine ta a bakin ƙofar mai ita.

Da asuba, kafin su tafi makaranta, Tuva ta sa rigar da kyandiroranta masu batir, ta ɗauki tire da kofi da burodin Lusiya mai launin rawaya, ta tsaya gaban ƙofar Gunvor ta fara waƙa. Uban na bayanta, hannunsa biyu a ƙarƙashin tiren, idonsa bai bar kofin nan ba ko sau ɗaya. Gunvor ta buɗe cikin rigar barci, ta saurara har ƙarshe, ta ce burodin na kanti ne amma ba laifi. Sannan ta zaro hankici ta ce mura ke damun ta kwana biyu.

Ranar Litinin Rune ya sa takalmi, ya leƙa ta huda kamar kullum. Gunvor na waje tana kulle ƙofarta. Ya tsaya, hannunsa a kan mariƙi. Sai ya murɗa ya fito.

"Sannu," ya ce.

"Sannu," ta ce.

Suka sauka, ita a gaba shi a baya, ba wanda ya ƙara komai. Kafin azahar duk gidan an ji.